Daren da Aka Kori Ƙaraminmu Ina Kallo

Shekara huɗu na yi a cikin ƙungiya ɗaya ta masu buga gem, kuma a tsawon shekarun nan da wuya in kwanta ban leƙa ta ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka labarin baƙo ne da ya shigo jiya, aka ɓata masa rai, ya fita yana ƙorafi. Ni ɗan gida ne, har mataimakin shugaba na zama. Abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, kuma da hannuna a ciki, domin na yi shiru a lokacin da magana ɗaya tawa za ta iya tsayar da shi.

Gem ɗin shi ne Clash of Clans, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ya fitar a 2012. Ga wanda bai taɓa buga shi ba, ƙauye ake ba ka ka gina, ka kewaye shi da ganuwa, ka horar da sojoji, ka kai hari ƙauyen wani. Minti uku ne harin. Idan ka rushe rabin gine-ginen ka sami tauraro ɗaya, idan ka kayar da fadar garin ka sami wani, idan ka share komai tas ka cika uku. Mutum zai iya yin wannan shi kaɗai har ya gaji. Daɗin abin yana cikin ƙungiya, wadda ba ta wuce mutum hamsin, inda ake aika wa juna sojojin gudummawa, a kuma fita yaƙi da wata ƙungiyar da ba ku san ko a wace duniya take ba.

A 2017 na shiga tamu. A lokacin akwai zauren hira na kowa da kowa a cikin gem ɗin, inda ake tallar ƙungiyoyi ana neman mambobi, kafin a rufe shi a 2019. A nan shugabanmu ya gan ni ina yawo ba ni da gida, ya ce in zo in gwada. Ba zan ci amanar gaskiya ba: mutumin nan ya yi mini alheri. Ƙauyena a hargitse yake, na yi gaggawar ɗaga fada na bar hasumiyoyin tsaro a baya, irin kuskuren da kowane sabon shiga yake yi. Ya zauna da ni dare uku yana nuna mini abin da zan fara gyarawa. Shi ya koya mini yadda ake share gine-ginen gefe da farko don sojoji su miƙe zuwa tsakiya maimakon su yi ta zagaye ganuwa ana harbinsu. Ranar da na fara cin taurari uku a yaƙi, shi ya fara rubuta mini barka, da manyan baƙaƙe. Na daɗe ina jin daɗin wannan.

Mu ashirin da wani abu ne a lokacin. Mun san wanda yake jarrabawa, mun san wanda mahaifinsa ke kwance a asibiti, mun san wanda aikin dare yake yi don haka sai da asuba zai kai harinsa. In aka ci mu a yaƙi, a yi ta tsokanar juna na ɗan lokaci, a sake neman wani.

Abin ya fara sauyawa ne bayan da aka kawo gasar lig ta ƙungiyoyi a ƙarshen 2018. Tsarinta daban ne. Ƙungiya takwas ake haɗawa, a yi kwana bakwai ana fafatawa, kowace rana da abokan gaba daban, kuma hari ɗaya tak kowa yake da shi, saɓanin biyun da aka saba da su a yaƙin yau da kullum. Wanda ya ƙare a sama ya hau mataki, na ƙasa ya sauka. A ƙarshe ana raba lambobin yabo waɗanda ake sayen kayan haɓaka ƙauye da su. Wanda aka rubuta sunansa amma bai fita fage ba kaso kaɗan yake samu, sai ka tara taurari takwas kafin ka sami cikakken rabonka. Sannan akwai ƙarin lambobi 'yan kaɗan da aka bar wa shugabanni su ba wanda suka ga dama.

Ban ga laifin tsarin ba, gasa ce mai daɗi, kuma na san ƙungiyoyin da suke yin ta lafiya lau. Mu ne ta tona mana asiri. Mutum goma sha biyar muke fitarwa kowace rana, alhali mun kusa cika hamsin. Wa zai shiga, wa zai zauna a benci, wa zai ci ƙarin lambobi? Waɗannan tambayoyi uku su suka raba gidanmu biyu. Aka buɗe wani rukuni na WhatsApp na shugaba da mataimakansa kaɗai, wai don tsara yaƙi. Da aka ɗaga ni na zama mataimaki a 2020, lokacin kullen korona da kowa ke zaune da waya a hannu, aka saka ni a ciki. A makon farko na gane tsara yaƙi kaɗan ne daga abin da ake yi a wurin. Yawanci gulmar mambobi ce. A ɗauko hoton harin wani da ya lalace a watsa, a yi ta dariya, a sa masa suna. Gobe ka ga wanda ya fi kowa dariyar yana ce masa "sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa" a gaban jama'a.

Mambobi ba wawaye ba ne, suna ji a jikinsu. Koke-kokensu ta wurina suke biyowa, saboda ni ne mai amsa saƙo. Wani ya ce mini wata uku ke nan yana benci, kullum ana ce masa wata mai zuwa. Wani ya ce an hana shi fita yaƙi saboda Sarauniyarsa, ɗaya daga cikin manyan jaruman rundunar gem ɗin, tana kan haɓakawa ba za ta iya fita fage ba, ya yarda da dokar, amma ga abokin shugaba nan an saka shi alhali Sarki da Sarauniya duk suna barci. Dokokinmu babu wanda ya taɓa rubuta su. Suna cikin kan mutum huɗu, kuma sai ka taka ɗaya kake sanin akwai ta. Sabon shiga in ya yi tambaya, ko dai a yi banza da shi, ko a ce masa ya je ya nema a YouTube. Na tuna da daren ukun da aka zauna da ni, na rasa inda wancan halin ya tafi.

Wadda abinta ya fi tsaya mini a rai wata baiwar Allah ce da muke kira Anti. Gem ɗin yana nuna adadin sojojin da kowa ya bayar da waɗanda ya karɓa, kowane wata a goge a fara sabo. Babu watan da sunanta bai zo na ɗaya ba, kuma da tazara mai nisa. Ranar shirin yaƙi ita ke bi ɗaya bayan ɗaya tana cika wa kowa barikinsa na tsaro, aikin da a wancan zamanin ke cin lokaci da dukiyar ƙauye, wanda kowa ke gudu. Amma harinta matsakaici ne, taurari biyu ta fi samu. A shekara biyu ban ga an ba ta ƙarin lambobin nan ko sau ɗaya ba. Da na kawo maganar a ɗakinmu na manya, wani ya ce ai taurari ake ci da su, ba kyauta ba. Na ce to taurarin naka da sojojin wa kake cin su? Aka yi dariya, aka wuce wurin. Su wa ake ba ƙarin lambobin? Waɗanda suka fi zuba kuɗi suna gaggauta gini, waɗanda ko ba a ba su ba ba su rasa komai ba. Kowa na son ya riƙe su kada wata ƙungiya ta janye su.

Na taɓa karanta cewa wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, John Suler, ya yi rubutu a 2004 kan dalilin da ya sa mutane ke sakin baki a intanet fiye da yadda za su yi ido da ido. Cikin dalilansa akwai ɓoye suna da rashin ganin fuskar wanda kake yi wa magana. Akwai gaskiya a ciki, duk wanda ya taɓa shiga tsohon zauren nan na kowa da kowa ya ga zagin da baƙo ke yi wa baƙo. Sai dai namu ya wuce nan. Mun san sunayen juna na gaskiya, mun san muryoyin juna, wasu ma sun ga hoton 'ya'yan wasu. Zagin baƙo ba ya kwana a zuciya, kana rufe waya ya wuce. Wanda ke ci maka rai shi ne na mutumin da ya yi maka addu'a ranar da ba ka da lafiya, yau kuma ya kira ka banza saboda tauraro ɗaya.

Ni kaina a lokacin ba lafiya ce ta ishe ni ba. Ina saita ƙararrawa tsakar dare don in duba wa ya kai hari wa bai kai ba. Wata rana matata ta farka ta gan ni zaune a bakin gado, hasken waya a fuskata, ta ce, "Maigida, wai wannan yaƙin naku ba ya ƙarewa ne?" Ban ba ta amsa ba, don ina ƙirga taurari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, kuma alamomin da ta ambata su ne mutum ya kasa iko da lokacin wasansa, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa. Ban ce na kai can ba, amma na san na kama hanya. Kuma abin da ke riƙe da ni ba gem ɗin ba ne sosai, mutanen ne, da matsayin da nake gani ina da shi a cikinsu.

A farkon 2021 wani yaro ya nemi shiga. Ya ce shekararsa goma sha biyar, kuma da wayar yayansa yake bugawa, sai in yayan ya dawo da dare ya ba shi aro. Saboda haka ba ya cikin kowane rukuni namu na waje, a akwatin hirar gem ɗin kaɗai muke samunsa. Ni na karɓe shi. Tun ranar farko Yaya yake kirana, ni kuma ina ce masa ƙanena. Yaro ne mai tambaya. "Yaya, me ya sa dodannina suka bi gefe?" "Yaya, in na sa maganin fushi a nan ya yi wuri?" Yakan kalli maimaicin harin kowa, har na waɗanda ba sa amsa gaisuwarsa. Cikin wata biyar ya fi rabin manyanmu iya karanta ƙauyen abokan gaba. Da aka zo gasar wani wata, ni da hannuna na saka shi cikin goma sha biyar ɗin. Kwana shida yana fita, bai ba mu kunya ba ko sau ɗaya.

Rana ta bakwai muna kankankan da wata ƙungiya a saman teburi, kuma da ita muke karawa. Wanda ya ci yaƙin rana ana ƙara masa taurari goma, don haka duk wanda ya yi nasara a ranar shi zai hau. Kowa ya kai harinsa, saura na yaron. Taurari biyu muke nema. Yayansa bai dawo da wuri ba. Saura minti arba'in, saura talatin, akwatin hira ya fara zafi. Saura minti goma sha biyu sai ga shi.

"Yaya ga ni, don Allah a yi haƙuri, yanzu aka ba ni wayar."

Na ce, "Kwantar da hankalinka ƙanena, ga sojoji nan na tura maka. Ka shiga ta kusurwar da muka yi magana jiya."

Gem ɗin yana bari a kalli hari kai tsaye, kuma mun kai mu ashirin da muke kallo. Ya fara da kyau. Ya share gefen dama, ya share na hagu, ya fasa ganuwa daidai inda ya kamata, rundunar ta miƙe tsakiya. Sai kawai komai ya tsaya daga ɓangarensa. Magungunan tsafi masu taimaka wa sojoji da ya kamata ya zuba suna nan bai taɓa su ba. Sarauniyarsa tana shan wuta, jininta na sauka, ba a danna mata ƙarfinta ba har ta faɗi. Duk wanda ya shekara yana buga gem ɗin nan ya san ma'anar wannan: netwok ya ɗauke. Muna kallo sojojin suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Kashi 47, fada na tsaye, babu tauraro ko ɗaya.

Ba zan maimaita duk abin da aka rubuta ba. Mafi sauƙinsa shi ne na wani mataimaki da ya ce, "Wane ne ya saka mana wannan jakin a yaƙi?" Ni ne na saka shi. Kowa a ɗakin manya ya san ni ne. Ban ce uffan ba.

Bayan kamar minti biyar yaron ya dawo. Ya tarar da saƙonni sun fi talatin a kansa. Abin da ya rubuta har yau ina iya karanto shi da ka: "Wallahi netwok ne ya yanke. Yaya ka duba maimaicin za ka gani, ban taɓa komai ba bayan minti ɗaya. Yaya ka faɗa musu."

Na rubuta, "Gaskiya ne, na gani, ku bar shi." Na tsaya ina kallon rubutun, yatsana a kan maɓallin turawa. Na tuna shugaba ransa a ɓace yake, na tuna wata uku muna neman hawan nan, na tuna cewa in na tsaya masa fushin kaina zai juyo, a ce ni na jawo. Na goge. Na ce a raina bari ƙura ta lafa, gobe in yi magana cikin natsuwa. Ban kai ga ajiye wayar ba sai ga ɗan layin nan da gem ɗin ke fitarwa, cewa an kore shi daga ƙungiya. Akwai gurbin da mai kora ke rubuta wa wanda ya kora saƙo. Daga baya mataimakin da ya kore shi ya yi alfahari a ɗakinmu da abin da ya rubuta masa a wurin, ya turo hotonsa. Wannan shi ne abu na ƙarshe da yaron ya karanta daga gare mu.

Washegari na kira shugaba. Na ce, "Oga, abin da aka yi jiya bai dace ba. Yaron nan ba shi da laifi, kuma ko da yana da shi, ɗan shekara goma sha biyar ne." Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Haba, kai ma ka cika ɗaukar abu da zafi. Gem ne fa kawai."

Wannan kalma na sha jin ta a shekara huɗu, kuma sai a ranar na lura da lokacin da ake fito da ita. In an ci mutuncin wani ya nuna ya ji zafi, gem ne kawai. In Anti ta tambayi dalilin da ba a taɓa tuna ta ba, gem ne kawai. Amma daren jiya da tauraro biyu suka kuɓuce, babu wanda ya ce gem ne kawai. Na faɗa masa haka. Ya yi shiru, sannan ya ce in ina so in nemo yaron a dawo da shi, shi ba shi da matsala, amma kada in sa ran wani zai ba shi haƙuri. Na nemi abu biyu: a rubuta dokokinmu inda kowa zai gani, a kuma riƙa zagayawa da ƙarin lambobin har su kai ga masu gudummawa. Ya ce za a duba. Ba a duba ba.

Anti ce ta fara fita. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta cika wa kowa barikinsa kamar yadda ta saba, ta rubuta, "Allah ya sada mu da alheri," ta tafi. A yaƙin da ya biyo baya rabin barikokinmu fanko suka kwana, aka yi ta tambayar wa ke da alhakin cikawa. Cikin mako biyu mutum bakwai suka bi bayanta, yawancinsu irin mutanen da ba a jin muryarsu, waɗanda suka ga abin da aka yi wa yaron suka san gobe su ne. Biyu daga ciki sun yi mini sallama ta gefe. Ɗayan ya ce, "Mun zaci kai za ka yi magana a daren nan." Ban sami abin ce masa ba.

Na ƙara wata ɗaya, ina gaya wa kaina daga ciki ake gyara. Da gasar wata ta zagayo aka turo mini jerin waɗanda za a fitar, na ga sunayen nan dai da aka saba, na ajiye muƙamin na fita. Shugaba ya kira ni sau biyu. Mun yi magana ta mutunci, kuma har yau ba na riƙe da shi a zuci, don ban manta dare ukun nan ba. Amma ban koma ba.

Yanzu ina wata ƙaramar ƙungiya, mu goma sha tara, matakinmu a gasa bai kai rabin na da ba. Dokokinmu huɗu ne, suna rubuce a bayanin ƙungiya inda duk mai shigowa zai gani. Ba a korar kowa a ranar da aka sha kaye, sai an kwana. Na daina saita ƙararrawa.

Kowane ɗan wasa yana da lambar shaida da ake nemo shi da ita, kuma na rubuta ta yaron tun ranar da na karɓe shi. Ba ni da lambar waya, ban san sunan yayansa ba, ita kaɗai ce hanyata. Na nemo shi mako guda bayan korar, na tura masa neman abota. Ina son in ce masa na duba maimaicin, na gani, gaskiya ya faɗa. Nakan buɗe shafinsa lokaci zuwa lokaci. Ƙauyen yana nan yadda ya bar shi, babu ƙungiya a ƙarƙashin sunansa, hare-haren wata sifiri. Neman abotar har yanzu ba a amsa ba.